Tambaya da Amsa: Kuskuren bugu ne a jikin kwandalata ko dai wahala ta sha?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Saƙonnin da suka shigo wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, kowa ya ga kwandala mai wata irin kama a cikin tarinsa yana son ya ji ko kuskure ne daga gidan buga kuɗi, in kuma kuskuren ne ko masu tara tsabar kuɗi za su saya da daraja. Na haɗe masu kama da juna, na rage tsawon wasu, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri ya duba amsar ɗan'uwansa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni sabon shiga ne a harkar tara kwandala. Ina da wata da layi ya ratsa fuskar mutumin da ke jiki tun daga baki har wajen kunne, wani abokina ya ce kuskuren bugu ne wani kuma ya ce karcewa ce kawai. Dan Allah ta yaya mutum zai bambance?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, kuma na ji daɗi da tambayarka ta zo farko don duk sauran a kanta suka tsaya. Ba za ka iya gane kuskure ba sai ka san yadda ake yin lafiyayyar kwandala tukuna. Ƙarfen yana zuwa ne a shimfiɗe, dogon falle, inji ya dinga hudo ƙananan faya-fayai daga jikinsa, a gasa su don su yi laushi, a wanke, sannan a bi da su ta wani injin da ke matse gefensu har bakin ya ɗan taso. Daga nan kowane faifai zai faɗa tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ga kuma wani zobe da ya kewaye shi yana riƙe da shi kada ya baje, kuma wannan zoben ne yake fitar da 'yan haƙoran nan da kake gani a gefen wasu kwandaloli. Sai a danna da nauyin tan masu yawa, ƙarfen ya kutsa cikin zanen hatimi, shi ke nan kwandala ta fito.

To kuskure na gaskiya a ɗayan wurare uku yake faruwa, ko a jikin faifan tun kafin a buga shi, ko a jikin hatimin, ko a daidai lokacin bugun. Duk abin da ya samu kwandala bayan ta bar injin nan lalacewa ce, ko da kuwa ta fi kuskuren ban mamaki a ido. Saboda haka duk sanda ka ɗauki wata baƙuwar kwandala ka fara tambayar kanka, a wane mataki ne inji zai iya yin wannan abin? In ka kasa nuna matakin to kusan kullum mota ce ta taka ta, ko guduma ta sha, ko ta kwana shekaru a cikin ƙasa.

Yanzu mu zo kan layin naka. Ka riƙe wannan, abin da ya zama rami a jikin hatimi shi ne yake zama tudu a jikin kwandala. In hatimi ya tsufa ya tsage, ƙarfe zai shiga cikin tsagar lokacin bugu, sai ka ga layi ya taso sama, yawanci a karkace yake tafiya yana ɗan lanƙwasa, launinsa ɗaya da sauran jikin kwandalar. Karcewa kuwa ciki take nutsewa, kuma in ka duba da gilashin ƙara girma za ka ga ƙarfen da aka ture ya taru a gefen ramin, cikin ramin ma sau da yawa ya fi ƙyalli. Ka kashe fitilar ɗaki ka haska tocila daga gefe, ƙasa-ƙasa, inuwar da layin zai yi ita za ta gaya maka tudu ne ko rami. In tudu ne abokinka na farko ya yi gaskiya, amma kar ka sa rai da yawa, ƙaramar tsagar hatimi abu ne da ya cika ko'ina kuma ba kasafai take ƙara wani kuɗin kirki ba. Wadda aka fi nema ita ce in ɓangaren hatimin ya ɓalle gaba ɗaya daga baki, sai wurin ya fito dunƙulen ƙarfe sumul ba zane, kuma in ka juya bayan kwandalar daidai wurin za ka tarar zanen ya yi rauni saboda ƙarfen ya gudu ya cike gurbin da ya ɓalle.

Tambaya: Malam ina wuni. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gwangwani cike da kwandalolin ƙasashe daban-daban. A ciki na ga senti ɗaya na Amurka na 1955, kuma lambar ƙarshe ta shekarar kamar tana da inuwa, kamar an rubuta ta sau biyu. Na karanta a intanet wai irin wannan tana da tsada sosai. Ita ce?

Amsa: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. Abin da kika karanta gaskiya ne, akwai sentin 1955 mai hoton Abraham Lincoln da ya shahara a duniya saboda rubutunsa ya fito biyu-biyu, sai dai yadda kika kwatanta taki ina jin ba ita ba ce, bari in faɗa miki dalili.

Shi kansa hatimin da ake buga kuɗi da shi buga shi ake yi. Akwai uwar hatimi mai ɗauke da zanen a tashe, ita ake dannawa a kan ƙarfen da zai zama hatimi, kuma a wancan zamanin dannawa ɗaya ba ta isa, sai an danna an gasa an sake dannawa. In aka samu ɗan gocewa tsakanin dannawar farko da ta biyu to hatimin zai ɗauki zane biyu a jikinsa har abada, duk kwandalar da ya buga haka za ta fito, iri ɗaya sak. Abin da ya faru ke nan a gidan buga kuɗi na Filadelfiya a 1955, kuma an ƙiyasta guda 20,000 zuwa 24,000 ne suka fita hannun jama'a. Waɗannan ba sa buƙatar gilashi, daga nesa kina kallo za ki ga LIBERTY da IN GOD WE TRUST da duka lambobi huɗu na shekarar sun rabu biyu ɓaro-ɓaro, bayan kwandalar kuma lafiya lau yake. Sannan babu wani harafi a ƙarƙashin shekarar, in kin ga D ko S a wurin to daga Denba ko San Faransisko ta fito, maganar ta ƙare.

Ki ɗauki misalin hatimin roba na ofis. In tun wajen sassaƙa robar aka yi sunan sau biyu, duk takardar da aka buga wa haka za ta fito. In kuwa hannun mai bugawa ne ya yi rawa, takarda ɗaya ce tawadarta za ta goce. Masu tara kwandala na farkon suke biya, na biyun shi ne wanda hatimi ya ɗan yi motsi ko ya zame a lokacin bugu, kuma shi ne ya fi ruɗar mutane. Alamarsa ita ce zanen na biyu a shafe yake, a kwance kamar an murje gefen harafin, har harafin ya rage kauri. A na gaskiyar kuwa zanen biyu duk a tashe suke, masu ƙumbo, harafin ya ƙara kauri, kuma ƙarshen haruffa yakan rabu ya yi 'yar tsaga. Akwai kuma na uku, wanda nake zargin shi ne naki, in hatimi ya gaji da aiki gefen haruffan da ke kusa da baki yakan zaizaye ya bar wata inuwa marar tsari, kuma sentin 1955 masu inuwa a lambar 5 ta ƙarshe suna da yawa ƙwarai, sanannen abu ne a harkar. Ki adana ta don tunawa da Baba, amma kada ki ƙulla lissafi a kanta.

Wani ƙarin haske ga masu duba kuɗin Amurka, kafin 1990 da hannu ake buga ɗan harafin gidan kuɗin a jikin hatimi bayan an gama yin sa. Shi ya sa a sanannen sentin 1969 na San Faransisko mai rubutu biyu, harafin S ɗin shi kaɗai yake ba ya rabuwa. In ka ga shekara ta yi biyu S ma ta yi biyu iri ɗaya, to rawar inji ce.

Tambaya: Yallabai wani ya kawo min sentin Amurka na 1943 launin jan ƙarfe, ya ce na yaƙin duniya ne kuma kuskure ne da ya kai miliyoyi, yana son in saya cikin gaggawa don yana da matsala.

Amsa: Alhaji ka riƙe kuɗinka tukuna, gaggawar nan ita ce abu na farko da bai kwanta min ba. Labarin da ya ba ka yana da tushe. A 1943 Amurka tana buƙatar jan ƙarfe don kayan yaƙi, sai ta buga sentin shekarar da baƙin ƙarfe da aka yi wa ruwan tutiya, shi ya sa suke da launin toka-toka. Amma 'yan faya-fayan tagulla na 1942 da suka maƙale a cikin kayan aiki sun bi layi an buge su da hatimin 1943, waɗanda aka tabbatar da su a duniya ba su wuce 'yan gommai ba, kuma guda ɗaya tilo da aka sani daga Denba an sayar da ita dala miliyan 1.7 a 2010. To ka ga abin da ya kai wannan kuɗi dole jabunsa su cika duniya.

Gwaji biyu za ka yi a gabansa, ba sa cin minti biyar. Na farko ka kawo maganaɗisu, in ta manne to baƙin ƙarfe ce aka yi wa ruwan jan ƙarfe, kuma yawancin jabun a nan suke faɗuwa. In ba ta manne ba sai ka ɗora ta a ƙaramin sikeli mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram, ta tagulla giram 3.11 take, ta baƙin ƙarfe kuwa wajen 2.7. In ta wuce nan ma kada ka saki jiki, don akwai masu ɗaukar sentin 1948 su goge rabin lambar 8 ta koma 3. Ka samu sentin 1943 na baƙin ƙarfe na yau da kullum ka jera su, lambar 3 ta gaskiya wutsiyarta doguwa ce tana gangarowa ƙasa, wadda aka yanko daga 8 kuwa gajera ce a dunƙule. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma mai kaya na gaskiya ba ya tsoron maganaɗisu. In ya ce ba ya son a taɓa masa kaya, ka sallame shi da fatan alheri.

Sikelin nan da na ambata, duk mai son harkar nan da gaske ya mallake shi, don kuskuren da aka buga zane a kan faifan da ba nasa ba da nauyi ake kama shi. Misali a 1965 Amurka ta daina yin kwatar dala da azurfa, mai azurfa giram 6.25 ce sabuwar kuma 5.67, kuma an samu 'yan ƙalilan masu shekarar 1965 da aka buga a kan ragowar faifan azurfa. Amma fa ka san tarihin kwandalar kafin ka yi murna. A 1982 sentin Amurka ya koma tutiya mai ruwan jan ƙarfe, nauyi ya sauka daga 3.11 zuwa 2.5, kuma duka nau'in biyu an buga su a shekarar, saboda haka ganin nauyi biyu a 1982 ba kuskure ba ne. Haka Ingila ta mayar da peni ɗaya da peni biyu baƙin ƙarfe mai ruwan jan ƙarfe a 1992, wani zai ga ɗaya ta kama maganaɗisu ɗaya ta ƙi ya ɗauka ya tsinci dami a kala, alhali haka aka tsara.

Tambaya: Malam tawa gefenta ne ya gutsure kamar an ciji wani yanki, gutsurewar a lanƙwashe. Wata kuma ta fi sauran 'yan'uwanta sirantaka, ta yi shara-shara, rubutun duk ya dushe.

Amsa: Ta farkon tana iya zama kuskure na gaske ƙanena. In fallen ƙarfen bai matsa gaba yadda ya kamata ba, injin huda zai sauka a kan gefen ramin da ya riga ya huda, sai faifan ya fito da gutsure mai siffar jinjirin wata. Yadda za ka raba ta da wadda aka yanka da almakashin ƙarfe ko aka ci da magagari shi ne ka duba bakin kwandalar a ɗaya ɓangaren, daidai kishiyar gutsuren. Ka tuna injin da na ce yana matse gefe don ya tada baki, to in ya zo wurin da babu ƙarfe ba shi da abin da zai tokara, sai bakin da ke fuskantar wurin ya fito a raunane ko a shafe. Masu harkar suna kiran wannan alama da sunan wani mutum, Blakesley, ba kowace ce take nuna ta sosai ba amma in ka gan ta hujja ce mai ƙarfi. Ka kuma duba haruffan da ke dab da gutsuren, a ta gaskiya sukan ja jiki su dushe suna zubewa wajen gurbin, bakin kwandalar ma a hankali yake sirancewa ya ɓace. Wadda aka yanka daga baya kuwa harafi yana nan da ƙarfinsa sai kawai ka ga an datse shi, ga kaifi a wurin.

Ta biyun kuma, ina tsammanin asid ta sha. Asid yana cin kwandala ta ko'ina daidai wa daida, kauri ya ragu, faɗi ya ragu, rubutu yana nan amma ya yi siriri ya yi dishi-dishi, jikin ya yi ƙurzunu-ƙurzunu. Siririn faifai na asali faɗinsa cikakke ne tunda zobe ɗaya ya riƙe shi, fatarsa kuma sumul. Ka ɗora ta a kan lafiyayyar 'yar'uwarta, in ta fi ta ƙanƙanta a faɗi ka samu amsarka.

Tunda muna kan siffa bari in haɗa da wasu da aka tambaya a gajarce. Wadda zanenta ya goce gefe guda ya bar fili fari, in gaba da baya duk sun goce tare kuma gefenta babu haƙora, faifan ne bai zauna daidai ba lokacin bugu, kuskure ne na gaske, kuma an fi son wadda shekararta ta fito. In fuska ɗaya ce kawai ta ɗan goce, hatimi ɗaya ne ya karkace, darajarsa kaɗan ce. Wadda ta baje ta fi faɗi babu haƙora amma zanenta cikakke, zoben ne bai taso ba. Wadda bakinta ya yi kauri ya naɗo ciki faɗinta ya ragu kuwa ba daga gidan kuɗi ba ne, ko ta daɗe tana wulwulawa a cikin injin busar da kaya ko wani ya zauna yana dukan gefenta.

Tambaya: Malam na samu kwandala mai kai biyu, gaba hoton mutum baya ma hoton mutumin. Wannan kam ai ba shakka kuskure ne ko?

Amsa: Wallahi ɗan'uwa da shakka, babba ma kuwa. Kusan duk mai kai biyu da za ka gani ƙirar hannu ce, ta masu wasan rufa ido. Kwandala biyu ake samu, a rarake cikin ɗaya a bar bakinta, a rage ɗayar har ta shige ciki a manne. Shi ya sa mutane suke duba tsakiyar gefe su ce ba su ga haɗi ba, alhali haɗin yana kan fuska, dab da cikin baki, siririn zagaye da sai da gilashi za ka gan shi. Ka auna nauyinta, sannan ka ɗora ta a kan ɗan yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa gefen da wata, lafiyayyar kwandala tana da amo mai tsawo, haɗaɗɗiya kuwa ƙwas za ka ji.

Abin da yake faruwa da gaske shi ne a haɗa hatimin gaba da na baya waɗanda ba a yi su don juna ba, shi ake kira alfadari. A 2008 Ingila ta sauya zanen kwandalolinta, lambar shekara da ake rubutawa a bayan peni 20 ta koma gabanta, sai aka yi kuskure aka haɗa tsohon gaba da sabon baya, kwandalar ta fito babu shekara ko ta ina, kuma gidan buga kuɗin ƙasar ya ce ba su kai 250,000 ba. A 2000 ma Amurka ta samu irinsa, fuskar George Washington ta kwatar dala ta haɗu da bayan dala mai launin zinari, waɗanda aka sani wajen guda 20 ne.

Wani kuma ya tambaya a kan kwandalar da in ya juya ta bayanta yake zuwa a kife. Wannan sai ka san al'adar ƙasar da ta buga. Kuɗin Amurka an tsara su ne in ka juya daga sama zuwa ƙasa bayan ya zo a miƙe, yuro da kuɗin Ingila na yanzu kuwa daga hagu zuwa dama ake juya su. Kuskure shi ne in ka juya ta hanyar da ta dace amma bayan ya zo a karkace sosai, kuma hanya mafi sauƙi ita ce ka gwada da wata irinta.

Tambaya: Malam ina da yuro 2 ta Girka ta 2002 mai ƙaramin harafin S a cikin tauraro, na ga ana tallar irinta a intanet da dubban yuro wai kuskure ce. Ina kuma da peni 2 ta Ingila mai rubutun NEW PENCE ta 1971.

Amsa: Hajiya wannan tallar ta ɓata wa mutane da yawa lokaci, kuma abin yana damuna. S ɗin nan ba kuskure ba ne ko kaɗan. Girka ta makara wajen shiga yuro, gidan kuɗinta ba zai iya buga abin da ake buƙata kafin 2002 ba, sai ta ba wasu ƙasashe aikin. Waɗanda aka buga a Finland aka sa musu S daga sunan ƙasar a harshensu, Suomi, na Faransa aka sa F, na Sifen aka sa E. Yuro 2 mai S an buga wajen miliyan 70, darajarta yuro 2. Kowa yana iya rubuta kuɗin da ya ga dama a kan kayansa a shafin talla, abin dubawa shi ne nawa aka saya aka biya, kuma a gidajen gwanjo da aka sani.

Peni 2 ɗin ma haka ne, daga 1971 zuwa 1981 duka NEW PENCE aka rubuta musu, ta 1971 kuwa an buga fiye da biliyan ɗaya. A 1982 aka koma TWO PENCE, saboda haka wadda ake nema ita ce mai shekarar 1983 da tsohon rubutun, ita ce aka buga bisa kuskure. Ga wani da ake yawan yaɗawa, wai rubutun gefen fam 2 na Ingila ko na dalar shugabannin Amurka ya zo a kife. Rubutun gefe a wani inji daban ake yin sa, kwandala tana shiga ta fuskar da ta faɗo, don haka kusan rabi haka rabi haka ne. Na gaskiyar shi ne na 2007, da dubban dalolin George Washington suka tsallake injin gefen gaba ɗaya suka fito sumul, kuma ko su an samu masu goge gefen lafiyayyu don su yi kama da su, sai a haɗa da auna faɗi da nauyi.

Tambaya: Harafi ɗaya ya ɓace a rubutun tawa, wurin sumul kamar ba a taɓa rubuta komai ba.

Amsa: Yawanci giris ne. Maiƙon inji da ƙurar ƙarfe sukan cushe ramin harafi a jikin hatimi, ƙarfe ya rasa inda zai shiga. Haka aka samu kwatar dalar Amurka mai zanen jihar Kansas ta 2005 da harafin T na TRUST ya ɓace. Kuskure ne na gaske amma mai araha, sai in abin da ya ɓace yana da yawa. Ka dai duba wurin da kyau, in ka ga ƙananan layuka ko wurin ya ɗan lotsa fiye da kewayensa ko launinsa ya bambanta, to goge shi aka yi. Wani lokacin kuma ma'aikaci ne yake wuce gona da iri wajen goge hatimi har ya cinye wani ɓangaren zane, kamar senti 5 na Denba na 1937 da bijimin baunan da ke baya ya fito da ƙafa uku, ƙafar gaba ta tafi kofaton yana nan. Akwai ma kuskuren da tun wajen zana hatimi aka tafka shi, peso 50 na ƙasar Chile na 2008 sunan ƙasar ya fito CHIIE, abin da ya jawo shugaban gidan kuɗin ya rasa aikinsa.

Tambaya: Malam in na ga kamar tawa ta gaske ce, in wanke ta ta yi ƙyalli kafin in nuna wa masu saye?

Amsa: Dan girman Allah kada ka wanke ta, kada ka goge ta da komai, ko da tsumma mai laushi ne. Dattin shekaru da launin da ta ɗauka suna cikin shaidarta, gogewa tana barin ƙananan layuka da gwani zai gani a kallon farko, kuma wankakkiyar kwandala darajarta faɗuwa take yi warwas ba ta dawowa. Ka riƙe ta ta gefe kada yatsa ya hau fuskarta, ka sa ta ita kaɗai a ma'ajin da aka yi don kwandala, ka guji leda mai taushi irin ta PVC don tana sa jiki ya yi kore ya yi danƙo in an daɗe.

Sannan ka ɗauki hoton gaba da baya da gefe a haske mai kyau, ka rubuta nauyi da faɗi, ka nemo hotunan wadda aka tabbatar ka gwada su wuri da wuri, don kuskuren hatimi dole ya zo daidai da na sauran da hatimin ya buga, har ƙananan tabon da ke jikinsa. Gilashi mai ƙara girma sau 5 zuwa 10 ya ishe ka, abin da sai an ƙara shi sau 50 kafin a gani ba kasafai ake biyan kuɗi a kansa ba. In duk ta tsallake waɗannan sai a yi maganar kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC da ANACS, su za su duba su ba ta maki a ma'aunin da ke tashi daga 1 zuwa 70 su rufe ta a cikin roba mai lamba. Aikin nasu da kuɗi ne, ga na aikawa ga na inshora, saboda haka ka fara lissafa ko abin da irinta take kawowa a gwanjo ya fi abin da za ka kashe. Masu turo tambaya a mako mai zuwa, ku haɗo da ƙasar da ta buga kwandalar da shekararta da nauyinta, ku kuma faɗa min abin da kuka gani tudu ne ko rami.